Kafin in miƙa makullin ofis

Ƙarshen watan nan zan bar sashen matasa. Abokan aiki sun matsa in rubuta wani abu, to ga shi, ba kwana-kwana.

Kun san yaran da kotu ke turo mana, 'yan shekara 13 zuwa 17 da aka samu da laifin lalata da ƙananan yara. Kun kuma san yadda Oga ke duba su: ko kai ba ya ɗagawa, ya rubuta "kangara" a fayil, ya ce a shigo da na gaba. A wurinsa duk kanwar ja ce.

Ba na musun kangara, muna ganinta sosai. Amma tun 2010 wasu masana biyu, Seto da Lalumière, suka tattara bincike 59, suka gano cewa waɗannan matasan ba su kai sauran matasa masu laifi tarihin aikata laifuka da shaye-shaye ba. Inda suka zarce su shi ne kaɗaici, fargaba, raina kai, da kuma cewa da yawansu an taɓa cin zarafinsu su ma. Mu da ke zama da su mun san sauran: ciwon damuwa, firgicin abin da ya taɓa samunsu, rashin natsuwa, ƙarancin fahimta, wani lokaci galahanga (autism, larurar da ke wahalar da mu'amala da mutane) da ba wanda ya taɓa ganowa.

Akwai wani ɗan shekara 15 da ba ya magana. Ya cinye faratansa har sun yi jini, ma'aikatan dare kuma sun ce zaune yake kwana. Na tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, ya gyaɗa kai. Na rubuta a sa masa ido, a kuma fara yi masa maganin damuwa. Oga ya ja jan biro a kan rubutun, a taro kuma, gaban ɗalibai, ya ce, "Malama, yaushe kika zama lauyarsa?" Takardar tuhuma ta biyo baya, wai na wuce gona da iri. Bayan 'yan kwanaki yaron ya yi yunƙurin, Allah ya sa mai gadi ya farga. Yau takardar tambayoyin da na tsara ta zama dole ga duk sabon shigowa. Sunan da ke ƙasanta, kun gani, ba nawa ba ne.

Ban taɓa cewa ciwo uzuri ne ba. Akwai yaron da aka yi wa lalatar, kuma shi ne farko. Mafi yawan masu damuwa, da mafi yawan waɗanda aka ci zarafinsu, ba sa taɓa kowa. Sai dai matashin da ba ya barci, ba ya gane tambayarka, ba zai iya zama ya fuskanci ɓarnar da ya yi ba, ballantana ya koyi kiyayewa. Wa aka kare ke nan?

Ga sababbi: kada ku yi saurin manna wa yaro lambar mai sha'awar ƙananan yara, littafin DSM-5 ma, wanda likitoci ke bi wajen tantance cututtukan ƙwaƙwalwa, bai yarda da hakan ba sai ya kai shekara 16. Ku gaya wa iyaye cewa a lissafin wani masani, Caldwell, na 2016, kusan 5 cikin 100 ne ake sake kamawa da irin wannan laifi. Ku sa iyaye cikin maganin, ku tambayi ko akwai ƙanne a gidan kafin a sallame shi. Duk abin da kuka rubuta a fayil, ku ajiye kwafi.