Fulotin da aka bari shi ke cinye kuɗin lambu

Aikina a wata ƙaramar hukuma a Ingila shi ne kula da lambunan haya, filayen da hukuma ke yankawa fuloti-fuloti ta ba mazauna gari su shuka abin da za su ci. Ba alfarma ake yi musu ba. Tun dokar 1908, idan masu zaɓe shida suka rubuto suna neman fili, dole hukuma ta duba buƙatarsu, dokar 1925 kuma ta hana sayar da filin da aka keɓe don wannan sai da amincewar minista. Cikakken fuloti murabba'in mita 250 ne da 'yan kai, hayarsa a wurare da yawa fam 'yan gomomi ce a shekara.

Wannan haya ba ta riƙe lambu. Akwai kuɗin ruwa, gyaran shinge, kwaɗon ƙofa, sare bishiyar da ta yi barazana, da inshora. Amma duk waɗannan ana iya lissafa su tun farkon shekara. Ko ruwa, da mutane suka fi kuka da shi, yana da dabara: a rufe babban famfo kafin sanyi ya daskarar da bututu ya fasa shi, a riƙa duba mita lokacin da babu mai ban ruwa. In tana juyawa, akwai yoyo a ƙarƙashin ƙasa.

Abin da ba ya shiga lissafi, kuma shi ya fi cin kuɗi, shi ne fulotin da mai shi ya daina zuwa.

Shekara guda ta isa. Ƙaya mai yaɗo ta rufe ƙofar rumfa, wata ciyawa mai jijiya kamar ƙiri-ƙiri ta saƙe ƙasa. Ka ɗaga tsohon kafet ɗin da aka shimfiɗa don danne ciyawa, sai ya rududduge a hannunka, saiwa ta ratsa shi ta ko'ina. A ƙarƙashi ga fasassun gilasai, ga tayoyi, ga ƙusoshi masu tsatsa. In rufin rumfar na asbestos ne, wani kayan gini mai cutar da huhu, ba a haɗa shi da sauran shara, sai an biya waɗanda ke da izinin kwashe shi. Share fuloti ɗaya irin wannan yana iya lashe hayarsa ta shekaru da dama. Ɓarnar kuma ba ta tsayawa a iyakarsa: iska na kai irin ciyawa gonar maƙwabci, shi ma gwiwarsa ta yi sanyi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da an ga wuri ba mai shi, za a wayi gari an jibge masa katifa da ɓaraguzan gini.

Na lura da wuya a samu wanda ya bar fulotinsa don lalaci. Wani jinya ce ta kwantar da shi, wata mijinta ne ya rasu alhali tare suke noman, wani an canza masa aiki zuwa na dare. Ba sa sakin wurin saboda sun yi shekaru a layi kafin su samu, kunya kuma ta hana su leƙowa su ga yadda ya koma. Doka ta ba da hanyar karɓe fili: sanarwar wata goma sha biyu a al'ada, ko wata ɗaya idan an karya sharaɗi ko bashin haya ya kai kwana 40. Sai dai kafin takardun gargaɗi su gama zagayawa, lokacin shuka ya wuce.

Abin da na ga yana aiki shi ne zagaye da ƙafa a watan Mayu da Yuni, lokacin da ciyawa ke nuna wanda ya fara gazawa, sannan a buga masa waya. "Lafiya kuwa? Mun kwana biyu ba mu gan ka ba. Ko a raba maka fulotin biyu ka riƙe rabi?" Da yawa sukan karɓa da murna. Ɗaya rabin ya tafi ga na gaba a layi, wanda shi ma rabin ya fi masa, don sabon shiga da aka danƙa wa cikakken fuloti mai ciyawa yakan gudu kafin shekara.

Akwai masu cewa a miƙa komai ga ƙungiyoyin masu lambun. Suna ƙoƙari ƙwarai, sun fi mu sanin kowa, amma yawancinsu dattawa ne masu aikin sa kai. Karɓar haya da raba fuloti za su iya. Sauya bututu da shinge nauyin hukuma ne, bai dace a ɗora musu ba.

Ƙarin haya kuwa ina taka-tsantsan da shi. Dokar 1950 ta ce a karɓi abin da ya dace a sa ran mai haya ya biya, kuma na san su wane ne za su fara fita: 'yan fansho, da mazauna benaye marasa ko taƙin ƙasa, irin dattijon Jamaika mai alayyafo da iyalan Bangaladesh masu rumfar duma. Shi ya sa a zaman kasafin bana ban nemi ƙarin kuɗin share filaye ba. Na nemi a ƙara wa ma'aikacin zagaye awoyi daga Afrilu zuwa Yuli, a kuma ba mu izinin raba duk fulotin da ya dawo hannunmu gida biyu.