Godiya ga mutanen bakin layin dogo da suka tsamo ni

Assalamu alaikum warahmatullah.

Jiya likita ya ba ni izinin fara taka ƙafar da sanda, yau kuma na yi sallar Azahar a masallacin layinmu, a kan kujera, karon farko cikin mako bakwai. Da aka sallame jama'a suka yi ta zuwa suna riƙe hannuna, na rasa abin cewa sai "na gode, na gode". Kalmar ta yi min kaɗan. Shi ya sa na zauna in rubuta, ko saƙon zai kai ga waɗanda ƙafata ba ta isa ta kai ni wurinsu ba tukuna.

Da yawa sun ji labarin a gutsure. Har akwai waɗanda suka zo gidanmu da niyyar ta'aziyya, suka tarar ina asibiti da raina. To ga yadda abin ya faru.

Bayan La'asar ne, a ƙarshen damina. Na yi lodin buhunan albasa a Bakin Dogo a a-kori-kurar da nake ja, ni da ɗan yayata da ke yi min yaron mota, ɗan shekara 16. Hanyarmu ta bi ta inda titi ya ƙetare tsohon layin dogon nan da ya ratsa cikin garin Kaduna. Wurin na bi shi ba adadi. Ruwan sama ya cinye kwaltar da ke tsakanin ƙarafan biyu, ya bar rami a gefen ƙarfe guda, kuma duk direban da ke bin hanyar ya san da ramin, mun saba kauce masa. Ran nan akwai cunkoso. Wani mai keke ya tsaya sauke fasinja a can gaban layin, ni kuma na kutsa kai na hau ba tare da na ga fili a gabana ba. Na taka birki a tsakiyar layi, tayar baya ta zurma ramin, mota ta mutu. Na murɗa makulli, shiru. Batir ɗin dama mako guda yana yi min gardama, kullum ina cewa gobe zan canza.

Sai na ji hon ɗin jirgi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban duba dama ba, ban duba hagu ba kafin in hau, kuma ba tun ranar na daina dubawa ba. Jirgi ba ya yawan bin tsohon layin nan, har ya zama a ranmu layin ya mutu. Ana shanya tattasai a kansa, ana baza gwanjo, yara na bin tsakiyarsa zuwa Islamiyya, awaki na kwanciya. Duk wanda ya tashi a Kaduna ya san abin da nake faɗa. Wannan sabo da muka yi ne ya kusa kashe ni, ni da ɗan mutane da aka ba ni amana.

Wadda ta fara ganin jirgin wata Inna ce mai ƙosai a bakin hanya. Ihunta ya riga hon ɗin shiga kunnen mutane. Samarin da ke wankin babura a gefe suka watsar da bokitansu suka rufar wa motar da turi, amma buhun albasa ba abin wasa ba ne, tayar kuma ta zauna daram a ramin. Mai shayin wurin ya buɗe ƙofar ɗaya gefen ya fizge yaron ya wurga shi can cikin yashi. Ni ina nan riƙe da sitiyari ina murɗa makulli. Abin da ke raina a lokacin, Allah shi ne shaida, sauran kuɗin motar da ban gama biyan Alhajin da ya ba ni ita ba. Mai shayin ya zagayo ya cafki wuyan rigata ta taga, ya daka min tsawa: "Malam, mota ce ko rai? Fito!" Da ƙarfi ya jawo ni, har maɓallan rigar suka tsinke.

Abin da ban gani ba sai daga baya aka ba ni labari: wani dattijo da ke zaune a benci yana shan shayi ya karɓi jan mayafin Inna, ya bi gefen layin da gudu wajen da jirgin ke tahowa yana kaɗa shi sama. Mutumin da ya haura saba'in. Direban jirgin ya hango ja tun daga nesa, ya danne birki. Ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe har yau tana tashina daga barci. Jirgin bai tsaya ba, amma ya rage gudu sosai kafin ya iso. Ya daki bayan motar ya juya ta, gefen bodin ya same ni a ƙauri ina ƙoƙarin tashi, ya kuma buge mai shayin a kafaɗa. Albasa ta watsu har cikin kwata. Da Baba ya dawo yana haki, da mayafin nan aka ɗaure min ƙafa don tsayar da jini.

Baba, Allah ya saka maka da mafificin alheri. Sai da ya zo duba ni a asibiti na san tsohon ma'aikacin reluwe ne, mutumin Kafanchan, ya yi shekarunsa yana duba layi da ƙafa kafin ya yi ritaya. Sau uku yana zuwa, kowane zuwa da lemo a leda. Na tambaye shi abin da ya sa ya nufi jirgi alhali kowa mota ya nufa. Ya ce, "Ɗana, mota ba za ta turu ba, na gani tun daga benci. Jirgi kuma ba ya kaucewa, ba shi da sitiyari. Abu ɗaya za ka iya ba direbansa, shi ne nisa." Ya yi min bayanin da ban taɓa ji ba duk shekarun da na yi a kan titi. Tayar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, ba ta kama ƙasa irin ta roba a kan kwalta, har yashi kan jirgin ke zubawa a kan layi don tayar ta samu abin kamawa. Jirgin kaya mai nauyi idan yana gudu sosai yakan ci fiye da kilomita guda kafin ya tsaya. Girmansa kuma yana yaudarar ido, ka ga kamar yana rarrafe alhali ya iso. Ya ce idan mota ta mutu a kan layi, a fita a bar ta, a gudu nesa da layin amma ta ɓangaren da jirgin ke fitowa, domin tarkace gaba yake watsuwa, inda jirgin ya dosa. Ni kuwa a daidai inda tarkacen zai bi na faɗi.

Idan Baba ya fara zancen layin nan sai ka ga idonsa ya canza. Ya ce tun 1912 jirgi ke tashi daga Legas ya kai Kano a kansa, kuma layin ya riga Kaduna zama hedikwatar Arewa, don sai a 1917 aka taso daga Zungeru. Garin ne ya zo ya tarar da dogo, ya yi ta gini har ya rungume shi. Ya nuna min da hannu bambancin faɗin tsohon layin, milimita 1,067, da na sabon da ke tashi daga Rigasa zuwa Idu a Abuja, milimita 1,435. Ya ce lalacewar layi ba dare ɗaya take zuwa ba. Ruwa ya kwashe tsakuwar da ke riƙe da shimfiɗar, ƙasa ta zauna, ɓarayin ƙarfe su kwance noti da maƙalai su kai wa masu awo, sai ranar da tarago ya sauka daga layi a ce tsautsayi. A zamaninsu, in ji shi, mutum kan bi layi da guduma yana ƙwanƙwasawa, daga amon ƙarfen yake gane inda ya saki.

Kwana biyu bayan abin, samarin unguwar suka haɗa kuɗi suka sayo tsakuwa da jar ƙasa za su cike ramin. Na gode musu ƙwarai. Baba ne ya tsaya a kansu ya hana su cike ɗan kwarmin da ke jikin ƙarfen ta ciki, ya ce nan leɓen tayar jirgi ke bi, in aka toshe shi jirgin ne zai goce. Kun ga da an yi gyaran da zai haifi wata masifar. Wannan ya sa nake roƙon waɗanda alhakin wurin ke wuyansu, cikin ladabi, su zo su yi masa gyaran masana, a sa ƙarfen tare hanya da mai tsaronsa. Ranar 9 ga Maris 2023 jirgi ya daki motar ma'aikata a mahaɗa irin wannan a Ikeja ta Legas, mutum shida suka rasu. Da motar ɗalibai ce ta mutu a inda tawa ta mutu, mayafi ɗaya ba zai isa ba.

Direban jirgin ma ina gode masa. An ce da ya sauko jikinsa rawa yake yi, tambayar farko da ya yi ita ce ko akwai wanda ya rasu. Ban san shi ba, ban ga fuskarsa ba. Idan wannan ya kai gare ka, ka sani ba na riƙe da kai da komai, ni ne na hau hanyarka.

Ina kuma neman afuwar duk wanda abin ya ɓata wa rana. Jirgin ya tsaya ya tare titi har bayan Isha kafin a janye motar a duba layi. Na ji akwai masu keke da suka yi dogon zagaye, akwai waɗanda suka sauka suka ƙarasa gida da ƙafa da kaya a kai. Mu mutanen Kaduna mun san abin da tsayuwar jirgi ke jawowa. Tun da aka buɗe layin Abuja a 2016, mai tsawon kilomita 186, tashar Rigasa ta zama wurin cin abincin dubban mutane. Bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, jirgin bai dawo ba sai 5 ga Disamba. Wata takwas masu abinci da masu dako da mu masu ɗaukar kaya muna kallon tasha ba kowa. Da taragai suka goce a Asham a watan Agustan 2025 aka sake dakatarwa, muka sake ɗanɗana. Wanda ya sha wannan bai kamata ya zama sanadin tsayar da jirgi ko na awa ɗaya ba, ga shi na zama.

Sai mutanen asibiti. Likitan ƙashin da ya yi min aiki ya sa ƙarfe, da ma'aikaciyar jinyar dare da ke zuwa ta juya min ƙafa ƙarfe biyu na dare ba tare da ta ɓata rai ba, Allah ya ba ku ladan da ba ya yankewa. An nemi jini leda biyu. Ƙanena ya ba da ɗaya. Ɗayar wani bakanike ne daga Kakuri da ya kawo matarsa awo, ya ji ana cigiya ya nannaɗe hannun riga. Ba addininmu ɗaya ba, ba mu taɓa haɗuwa ba, yanzu jininsa na yawo a jikina. Jami'an kiyaye haɗurra da suka zo suka raba cunkoso, da abokan sana'ata direbobin kasuwa da suka yi karo-karo har sau biyu, duk ina gaishe ku.

Alhajin da ya ba ni motar ya zo da kansa a daren. Ina fara zancen kuɗi ya ɗaga min hannu, ya ce, "Ka warke tukuna. Ƙarfe ne, ana sake ƙera shi." Mai albasar kuma ya aiko cewa abin da aka tsince ya isa, sauran ya yafe. Ban san yadda ake biyan irin wannan ba.

Yaya, na san ba ki son a ambace ki. Amma ɗanki na kusa salwantarwa, kuma ke ce kika fara zuwa da kunu da asuba, ba ki taɓa ce min "me ya sa" ba. Ki yafe min. Hajiya, addu'arki ce ta riga ni isa wurin. Mai ɗakina kuwa, wadda ta yi mako uku tana kwana a tabarma a gefen gadon asibiti ga goyo, maganarki ba ta nan ba ce, Allah ne kaɗai zai biya ki. Liman da maƙwabtan da suka riƙa aiko da tuwo gida har yara ba su san an shiga wani hali ba, Allah ya bar zumunci.

Mai shayi, ɗan'uwana, an ce kafaɗar ta yi sauƙi har ka koma kan tebur. Na aika maka da ɗan abin da ya samu ka mayar, ka ce in sayi magani. Ka yi haƙuri, zan sake aikowa.

Mutum biyu ne har yau ban samu ba. Na farko mai keken da ya ɗauke ni zuwa asibiti. Jini ya ɓata masa kujera, ya tsaya har aka karɓe ni, ya tafi bai karɓi ko sisi ba. Yaron ya ce matashi ne dogo, kuma a hanya yana ta ce min "Yaya, kar ka rufe ido, yi ta salati." Ta biyu Inna mai ƙosai. An ce tun bayan abin ba ta sake kafa kasko a wurin ba, wasu na cewa ta koma wajen ɗanta a Tudun Wada. Mayafinta yana hannunmu. Mai ɗakina ta wanke shi sau uku, tabon bai gama fita ba, ta sayo sabo ta haɗa su a leda ɗaya. Duk wanda ya san inda ɗayansu yake, don Allah ya bar saƙo wajen mai shayin, ƙanena yana bi ta wurin kullum da yamma.