Bin sawun Hausawan da aka kai Bahiya a takardun jiragen bayi

Na fara aikin ne da rumbun bayanan nan na intanet mai suna SlaveVoyages, wanda ya tattara labarin tafiye-tafiyen jiragen bayi sama da 36,000 a Tekun Atlantika. Kuskurena na farko shi ne neman kalmar "Hausa" a ciki. Ba ta nan. Masu jirgi ba su damu da asalin mutum ba, abin da ke takardunsu shi ne sunan jirgi, tashar da aka yi lodi, shekara, da yawan waɗanda aka ɗora da waɗanda suka sauka da rai. Don haka ta tasha da shekara ake shiga.

Na tsayar da shekarun daga 1800 zuwa 1850. Yaƙe-yaƙen jihadin 1804 da rugujewar daular Oyo su suka yawaita mutanen arewa a kasuwannin bakin teku, a 1850 kuma Barazil ta rufe ƙofar shigo da bayi da gaske. Wurin sauka na zaɓi Bahiya, wani yanki a arewa maso gabashin Barazil, wurin lodi kuma Ikko, Badagiri, da Porto-Novo da Wida da ke ƙasar Benin ta yau. Sai an san sunayen da Turawan Fotugal ke kiransu: Ikko ita ce Onim, Wida kuma Ajudá. Sau da yawa ba a ma ambaci tasha ba, "Costa da Mina" kawai za ka gani, wato dukan wannan gaɓar.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne bayan 1815. A shekarar Ingila da Fotugal suka ƙulla yarjejeniyar hana cinikin a arewa da layin ikwaita, Ikko da Wida kuwa duk a arewa suke. Sai 'yan kasuwar Bahiya suka riƙa karɓar takardar izinin zuwa Molembo ko Cabinda, can kudu, alhali Ikko suka nufa. Wanda ya gaskata takarda zai ɗauka cinikin Ikko ya mutu, nan kuwa lokacin ma yake bunƙasa. Ni abu biyu nake dubawa: inda sojan ruwan Ingila suka kama jirgin, in an kama shi, da kayan da ya ɗauko. Tabar Bahiya mai arha da ake shafa wa ruwan rake, a gaɓar Wida da Ikko take da kasuwa.

Batun lissafi ma da tarko. Wasu alƙaluman daga takarda aka kwafo su, wasu kuwa masu bincike ne suka ƙiyasta inda takarda ta yi shiru, kuma an yi musu alama. Jimillar nan da aka sani ta dukan cinikin bayi na Atlantika, mutum miliyan 12.5 da aka ɗora, miliyan 10.7 da suka sauka, ƙiyasi ce da ta haɗa har da jiragen da takardunsu suka ɓace. Kada a gauraya ta da abin da mutum ya tara da kansa.

Sunaye kuwa suna wani sashe dabam, kimanin 91,000, daga rajistocin kotunan da suka yi shari'ar jiragen bayi a Firitawun ta Saliyo da Habana ta Kuba. Akwai suna, shekaru, tsawo, wani lokaci da bayanin tsagen fuska. Amma a tuna waɗannan mutanen jiragen da aka kama ne, ba su isa Bahiya ba. Akawun ma da kunnensa ya rubuta, ba ya jin harshen, don haka sai ka furta sunan da ƙarfi kafin ka gane Audu ne ko Mamman. Ko ka gane, sunan Musulunci bai tabbatar da Bahaushe ba. Yana iya zama Banufe, Babarbare ko Bayarabe.

A takardun Bahiya ne kalmar ke fitowa, a rubuce "Ussá" ko "Aussá" ko "Haussá". Nufawa su ne "Tapa", Yarabawa "Nagô". Da wannan na raba boren da ake yawan cakuɗawa. Shirin tawayen da aka tona a Salvador, babban birnin Bahiya, a 1807, da boren masunta na Fabrairun 1814, Hausawa ne a gaba. Boren Malê (sunan da ake kiran Musulmin Afirka da shi a Bahiya) na Janairun 1835, wanda ya faɗo cikin azumi, galibinsa Yarabawa Musulmi ne, Hausawa kaɗan ne a ciki, duk da yadda ake yawan danganta shi da Hausawa a hira.

Muryar mutanen da kansu sai a wurin Francis de Castelnau, ƙaramin jakadan Faransa a Bahiya, wanda ya yi hira da bayi Hausawa ya buga a 1851. Sun faɗa masa garuruwansu, yadda aka kama su, da zangon da suka bi har teku. Sunayen garuruwan da rubutun Faransanci suke, su ma sai an karanta su a bayyane, da taswira a gefe.