Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Daga Norseman Zuwa Ceduna

Assalamu alaikum. Makon jiya na ajiye ku a Norseman, a jihar Yammacin Ostiraliya, inda titi ya rabu biyu, ɗaya ya yi kudu zuwa Esperance, ɗaya ya miƙe gabas cikin dajin Nullarbor. Da yawa sun aiko suna tambayar yadda mai furfura ke ƙetare wannan hanya shi kaɗai. Ƙanena ma ya yi wannan tambayar kafin in tashi, amma ba ni ya yi wa ba. Yarana ya bi ɗaya bayan ɗaya a waya yana ce musu tsufa ya fara taɓa ubansu. Amsata ita ce maganar Baba, Allah ya jiƙansa: ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga Norseman zuwa Ceduna kusan kilomita 1,200 ne, kuma babu abin da za a kira gari a mafi yawan tsakanin. Gidajen mai ne masu ɗakunan kwana: Balladonia, Caiguna, Cocklebiddy, Madura, Mundrabilla, Eucla, sai ka shiga jihar Kudu, wato Kudancin Ostiraliya, inda Ceduna take. Zangon farko zuwa Balladonia ya kai kilomita 190, na biyu zuwa Caiguna wajen 180. Saboda haka ƙa'idar ɗaya ce: duk gidan man da ka gani ka cika tanki, ko da rabi ya rage. Man ya fi na birni tsada sosai, amma idan famfon gidan da ke gaba ya lalace, ko tankar da ke kawo musu mai ta makara, ba ka da wanda za ka kai wa ƙara. Jarkar ƙarfe ta lita 20 tana nan a ɗaure a bayan mota, ba a cikin inda ake kwana ba. Iska ma tana cin mai. Shi ya sa tsofaffin da ke zagaye ƙasar da ɗakin kwana a jaye suka fi son su bi arewa tukuna, su gangaro ta yamma, sannan su ƙetare Nullarbor suna fuskantar gabas, iskar yamma tana tura su ta baya.

Ruwa ya fi mai muhimmanci. Ƙasar farar ƙasa ce mai tsotse ruwan sama, babu kogi, gidajen man su ma da wahala suke samun nasu, don haka kada ka sa rai za su cika maka tanki. Lita biyar na sha a rana ga mutum ɗaya, sannan lita 20 na ajiya da ba a taɓawa. A raba shi jarka-jarka, don idan ɗaya ta huje ba za ka rasa duka ba. Mai shan maganin hawan jini ya fi kowa bukatar kula, domin zafi da ƙarancin ruwa suna kawo jiri, kuma ƙishirwa ba ta sanar da tsoho da wuri kamar yadda take sanar da yaro. Alwala kuwa, buta ɗaya ta isa idan an iya, in ruwa ya yi ƙasa ga taimama. Alƙibla a nan yamma take ta ɗan karkata arewa. Wanda ya girma yana fuskantar gabas sai ya riƙe kamfas, kada sabo ya juya shi.

Kayan mota: safaya biyu masu kyau, jak da faffaɗan katakon da za a ɗora shi a kai don kada ya nutse, famfon iska mai aiki da batir, fambel da tiyon lagireto na ajiya, baƙin mai lita biyar, fis-fis, da doguwar sifanar taya wadda za ka iya taka ta da ƙafa. Wannan ta ƙarshen ce mutane ke mantawa. Inji ne ke ɗaure noti a gareji, hannun ɗan shekara saba'in ba zai kwance shi da gajeriyar sifana ba. Ka gwada cire taya ka mayar a ƙofar gidanka kafin ka tashi. Baba bai taɓa riƙe sitiyari ba, da jakuna ya yi fatauci, amma daren tafiya shi da kansa yake duba kowane mangala da kowace igiya, ba ya bar wa yara. Goran nan dai.

Tsakanin Balladonia da Caiguna akwai miƙaƙƙen titi na kilomita 146.6 babu kwana ko ɗaya. Barci ne hatsarinsa. Duk awa biyu ka tsaya ka fito ka taka, ko ba ka ji gajiya ba. Kada ka wuce kilomita 400 zuwa 500 a yini, kuma kafin rana ta yi ja ka riga ka sauka. Da magariba da asuba kangaru ke fitowa bakin titi, ga tsuntsun emu, ga raƙuman daji da suka yaɗu tun zamanin da 'yan Afganistan ke jigilar kaya da su. In dabba ta faɗo maka, ka taka birki a miƙe. Kauce mata da gudu shi ne ke kifar da mota a gefen tsakuwa.

A Ostiraliya a hagu ake tuƙi, shi ya sa ƙanen nan nawa ya ce wai zan manta in koma hannun dama. Yana goye a bayan Inna a 1972 lokacin da Najeriya ta bar tuƙin hagu, ni kuwa a hagun na fara ganin motoci suna tafiya a Kano. Duk da haka akwai inda hankali ke zamewa, kuma ba a cikin cunkoso ba ne: lokacin da ka fito daga gidan mai da safe titi babu kowa. Ƙaramar takarda a manne a gilashi mai cewa hagu ta wadatar.

Manyan tireloli masu jan wagunu biyu da uku su ne sarakunan hanyar. A arewa tsawonsu yana kai mita 53.5. Kada ka yi yunƙurin wuce ɗaya sai kana hangen fiye da kilomita guda babu komai. Ka sayi rediyon oba-oba na UHF ka bar shi a tasha ta 40, nan direbobin suke magana. In tirela ta matso bayanka kada ka rage gudu ba zato, ka riƙe tafiyarka, ka gaya masa ka gan shi, sai ya fito gefenka sannan ka sassauta. Idan kuma mai tahowa ce, riƙe sitiyari da hannu biyu, iskarta tana girgiza mota.

Waya ba abin dogaro ba ce. Layin Telstra ne ya fi kamawa a karkara, shi ma akwai wuraren da yake ɗaukewa. Lambar gaggawa 000 ce, amma sai da sabis. Don haka ake riƙe ƙaramar na'urar neman agaji mai aika sigina ta tauraron ɗan'adam, a yi mata rajista da AMSA, hukumar ƙasar mai kula da ceto, ta zauna a aljihu ko a ɗamara, ba cikin akwatin mota ba. Za ka ga wuraren da aka faɗaɗa titin aka ja fararen layuka: filin saukar jirgin likitocin sama ne, waɗanda aikinsu ya faro tun 1928. In mota ta mutu, ka zauna da ita. Daga sama mota ake gani, ba a ganin mutum a ƙafa. Kowace safiya kuma a aika wa mutum ɗaya sunan inda za a kwana. 'Yata ta fari nake aika wa, ita da ta kashe wayar kawunta, ƙanen nan nawa, ba ta ce masa komai ba. Har yau bai kira ya tambayi yadda hanya take ba, kuma ni ne babba.

Magunguna na wata biyu a jakar sanyi, da takardar likita mai jerin sunayensu, da tabarau na biyu. Abinci: shinkafa, kifin gwangwani, dabino, garin kunu, domin naman halal sai manyan garuruwa. Kada ka yi lodin kayan miya. Mai tafiya gabas za a tare shi a shingen Ceduna a karɓe ɗanyun 'ya'yan itace da kayan lambu saboda ƙudan da ke ɓata gonaki, mai tafiya yamma kuma a Border Village, har zuma suke karɓewa. Ka dafa tumatir da albasarka ka cinye kafin ka isa.

Agogo ma yana rikita lokacin salla. Wajen Eucla suna da nasu lokacin da ya ɗara na Perth, babban birnin jihar Yamma, da minti 45, jihar Kudu kuma ta ɗara da awa ɗaya da rabi, da zafi awa biyu da rabi. Waya takan yi tsalle tsakaninsu, don haka rana nake dubawa, in haɗa azahar da la'asar ƙasaru a inuwar mota.

Mako mai zuwa in sha Allahu za mu koma baya zuwa arewa, ga kadoji da gadar Fitzroy da ambaliya ta karya a 2023.