Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Abin da Hajiya Ta Ci a Meksiko

A makon jiya na tsaya ne a zuwan Hajiya, mahaifiyar maigidana, wurinmu a birnin Hustan na Amurka, da irin zaman ɗari-ɗarin da muka fara da ita. Tsakani da Allah ba ta taɓa gaya mini baƙar magana ba. Sai dai duk daren da na saɓa jaka zan tafi asibiti, sai ta dubi ɗanta ta ce, da muryar da ta san za ta iso kunnena, "Wai shi wannan aikin daren dole ne?" Shi kuma ya sosa ƙeya ya ce, "Hajiya, haka tsarin aikinsu yake." Ni dai in yi mata sai da safe in fice.

Da aka ba yara dogon hutu a 2018, maigida ya zo da shawarar mu tafi Kankun, a ƙasar Meksiko. Daga Hustan tafiyar ba ta kai awa uku a jirgi ba, kuma mai bizar Amurka da ba ta mutu ba, Meksiko ba ta neman wata biza a hannunsa, don haka fasfon Hajiya na Najeriya ba zai kawo cikas ba. Da aka gaya mata, tambaya ɗaya ta yi: "Akwai Musulmi a can?" Aka ce akwai, amma 'yan kaɗan. Ta ce, "To, Allah ya sa mu je a sa'a." A daren ta ɗura daƙaƙƙen yajinta a wata 'yar kwalba, ta cusa a jakar hannu.

Kankun ba tsohon gari ba ne. Kafin 1970 gonar kwakwa ce da 'yan masunta ƙalilan. Babban bankin ƙasar ne ya zaɓi wurin da gangan don a gina wa baƙi masu yawon buɗe ido gari, otal-otal na farko kuma suka buɗe a 1974. An jera su a kan wani siririn zirin ƙasa, teku a gefe ɗaya, tafkin Nicufte a ɗaya gefen, titi guda ya ratsa tsakiya. Masu share ɗakuna da masu girki da masu gadi ba a nan suke kwana ba. Gidajensu na cikin gari, kullum bas ke kawo su tana mayar da su.

Otal ɗinmu irin wanda kuɗin ɗaki ya haɗa da ci da sha ne. Ana ɗaura maka awarwaron roba a hannu, daga nan duk abin da ka gani ka ɗiba. Yara suka ga aljannar duniya. Hajiya kuwa a karin kumallon farko ta tsaya a bayan wani Bature, ta ga ya ɗauki soyayyen naman alade da cokalin ɗiba, ya kuma mayar da cokalin cikin dankali. Ba ta ce uffan ba. Ta ajiye farantinta ta dawo ta zauna. Daga ranar abincinta ya koma burodi da shayi da ayaba, sai dafaffen ƙwai idan ita ta ɓare shi da hannunta. Ta sa aka juya mata kujera ta ba wa wurin ninƙaya baya saboda shigar matan da ke wurin, tana fuskantar teku da carbinta.

Hankalina ya tashi, don tana shan maganin ciwon suga. Mai shan wannan magani in bai ci sosai ba sugan na iya faɗuwa, kuma na sha ganin yadda hakan ke kayar da tsofaffi. Na yi mata magana, ta ce, "Ke dai ki kula da 'ya'yanki, ni na ƙoshi." Maigida ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta kamawa, shi ma kuma ba ya iya ja da ita.

Ga shi tekun ma bai yi mana yadda aka nuna a hoto ba. Shekarar ce wata ciyawar teku mai ruwan ƙasa, sargaso, ta mamaye gaɓar yankin, tana taruwa tana ruɓewa tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Tun asuba ma'aikata ke kwashe ta, kafin azahar wata ta taru. Matar da ke gyara mana ɗaki ce ta ba ni shawara. Ta ce in ruwa mai kyau muke so mu haye tsibirin Isla Muheres, in kuma abincin mutanen gari muke so mu hau bas da daddare mu sauka kusa da dandalin Las Falafas.

Muka fara da dandalin. Wuri ne na iyalai, yara na tuƙa ƙananan motocin wasa, ana kiɗa, ga rumfunan abinci a jere. Muna shiga autana ya ja hannun ubansa yana tsalle, "Abba, shawarma! Shawarma!" Lallai duk wanda ya ga abin zai rantse ita ce: nama jajir an jera shi a tsaye jikin ƙarfe yana juyawa gaban wuta, abarba a samansa, mai yanka yana shaftarowa cikin 'yar gurasar masara da ke tafinsa. Wannan shi ne tako al fastor, kuma yaron bai yi nisa da gaskiya ba. 'Yan Labanan da suka yi ƙaura zuwa Meksiko daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20 su suka kawo wannan salon gashi, kamar yadda 'yan uwansu Kwarori suka zo Kano da nasu abincin. Sai dai yawancin waɗanda suka je can Kiristoci ne, kuma da tafiya ta yi tafiya, naman rago ya koma na alade. Na tambayi mai yankan don in tabbatar, ya ce alade ne, yana murmushi kamar wanda ke yi mini albishir.

Maigida ya ga wata rumfa mai naman sa, ya soma kawo hujja cewa mutanen nan Ahlul Kitabi ne, kuma ayar Suratul Ma'ida ta halatta abincinsu. Hajiya ta bar shi ya gama tsaf, sannan ta nuna masa kaskon da baki. Naman sa na gefe, jan tsiren alade na gefe, kitsen yana malalowa yana haɗuwa a tsakiya. Ta ce, "Ayar ta ce har da wannan?" Ya yi shiru. Na sunkuyar da kai don kada a ga dariyata.

Ba mu tashi a banza ba dai. Yara suka ci markesita, wata siririyar fanke mai ƙaras-ƙaras da ake naɗewa da cuku a ciki. Hajiya kuma ta hango wani jan abin sha a babbar kwalba, ta ce a ɗebo mata ta gani. Ta kurɓa, ta sake kurɓa, ta ce, "Zoɓo ne. Ba citta ba kanumfari, amma zoɓo ne." Shi ɗin ne kuwa, kuma kusan duk rumfar abinci a Meksiko za ka same shi, wani lokaci da ruwan tsamiya a gefensa.

Washegari muka hau jirgin ruwa daga tashar Fuwarto Huwares zuwa tsibirin Isla Muheres, tafiyar kamar minti ashirin. Hajiya ba ta taɓa hawa teku ba. Ta karanta "Bismillahi majreha wa mursaha", ta riƙe hannun jikarta har muka sauka. Gaɓar arewacin tsibirin ba ciyawa, ruwan garai-garai, ka yi tafiya mai nisa bai wuce ƙugunka ba. Yara da ubansu suka faɗa ciki. Wajen azahar na lura hannun Hajiya na rawa a kan carbin, ga gumi a goshinta alhali a inuwa take. Na ba ta alewar da nake ajiyewa a jaka, na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri ki taso mu ɗan taka." Ta taso ba musu, daga nan na san jikin ya gaya mata.

Muka bar titin da gidajen abincin baƙi suke, muka shiga wani lungu. Can muka iske wata dattijuwa da 'yarta ƙarƙashin rumfar kwano, da teburi ɗaya da kujerun roba, hayaƙin gawayi na tashi. Mutanen da ke tsaye suna ci duk 'yan gari ne, wasu da kayan aiki a jikinsu. Kifi kaɗai take sayarwa.

A nan Sifaniyancin da na tsinta a bakin marasa lafiya ya yi mini rana. A Hustan ba za ka yi aikin jinya ba ka iya 'yan kalmomi ba, saboda yawan masu jin harshen. Na jero mata tambayoyi: akwai alade? Da kitsen alade kike suya? Akwai giya a ƙullun da ake tsoma kifin? Duk Musulmin da zai je Meksiko ya riƙe tambayoyin nan biyu na ƙarshe, don a nan ake mamayar mutum. Kitsen alade na shiga wake da gurasar fulawa, ƙullun soyayyen kifi kuma sau da yawa da giya ake kwaɓa shi. Matar ta saurare ni ba ta ɓata rai ba. Ta ce ƙullun nata da giya ne, kada mu ci soyayyen. Amma gasasshen babu komai a jikinsa sai jan garin aciyote da ruwan lemo mai tsami da tafarnuwa da gishiri. Waken ma ta ce mu bar shi. Ta dubi Hajiya da hijabinta, ta ce wa 'yarta ta sauko da wata ragar gashi da ke rataye, ta wanke ta a gabanmu. Na fassara wa Hajiya duka, har da abin da aka hana mu. Ta ce, "Ita da kanta ta ce kar mu ci? Mai kaya?" Ta ja kujera ta zauna.

Kafin kifin ya gasu, idonta na kan hannun matar. Takan gutsuro ƙullin masara, ta ɗora a kan 'yar leda, ta riƙa daddanna shi da yatsu tana juyawa har ya faɗaɗa, ta jefa a kasko mai faɗi, ta juya sau biyu, sai ka ga ya kumbura. Hajiya ta ce a ba ta guda ɗaya haka nan, ba komai a kai. Ta sansana, ta gutsura, ta tauna a hankali. "Da kanwa a ciki."

Ba kanwa ba ce, amma harshenta bai yi ƙarya ba. Suna dafa busasshiyar masara ne da ɗan farin garin ƙonannen dutse, ta kwana a cikin ruwan, a wanke dusar ta fita, sannan a markaɗa. Wasu da toka suke yi tun zamanin kakanni. Wannan dahuwar ce ke sa ƙullin ya kama jikinsa, kuma ita ke sakin sinadarin bitamin B3 da ke ɗaure a cikin ƙwayar. Mun karanta wannan a makarantar jinya: ƙasashen da suka karɓi masara ba su karɓi dabarar ba, irin arewacin Italiya da kudancin Amurka, talakawansu da suka dogara da ita sun sha fama da cutar felagira, mai tsattsaga fata da kawo gudawa da ruɗewar hankali. Ita masarar ma a kudancin Meksiko aka fara noma ta, kusan shekara 9,000 da suka wuce, ba ta iso Afirka ba sai bayan Turawa sun tsallaka teku. Da na gaya wa Hajiya haka ta ce, "Ashe gidan su masara muka zo."

Aka kawo takon, kowane gurasa biyu a haɗe, tsokar kifi jajir a kai, yankakken kabeji, jar albasa da aka jiƙa a ruwan tsami, da ɓarin lemon tsami a gefe. Ba cokali. Na kira maigida ya zo da yara. Babbar 'yata ta kwaikwayi mutanen wurin, ta karkata kai gefe maimakon ta karkata takon. Auta ya ɗebo wata miyar barkono mai ruwan ɗorawa ya zuba, matar na ɗaga masa hannu amma ina, ya riga ya kai baki. Sai hawaye. Habanero ne, alfaharin mutanen Yukatan, yankin da Kankun take ciki, kuma jinsinsu ɗaya da attaruhu. Hajiya ta lakata ta ɗanɗana, ko gezau, ta ce wa jikan nata, "Kai dai ragon namiji ne, wannan ne zai sa ka kuka?"

Sannan ta zaro kwalbarta ta barbaɗa yaji a kan kifin. Matar ta leƙo tana tambaya da ido. Hajiya ta zuba mata a tafi. Ta lasa, ta gane gyaɗar da ke ciki nan take, ta kira 'yarta ita ma ta ɗanɗana. Daga nan hira ta ɓarke tsakanin tsofaffin biyu, ni ce tafinta, harshena na sarƙewa: me ake sawa, dakawa ake yi ko niƙawa, jikoki nawa gare ki. Rabin kwalbar a can aka bar shi cikin kofi.

Ana cikin haka Hajiya ta juyo gare ni. "Wai a ina kika iya yarensu?" Na ce, "A asibiti, Hajiya, wurin marasa lafiya." Ta ce, "A aikin daren?" Na ce e. Ta ce, "Uhm," ta miƙa mini farantinta in karɓo mata ƙari. Tun zuwanta Amurka, ran nan ne ta fara aike na kai tsaye ba ta bi ta kan ɗanta ba.

Wurin biyan kuɗi ma sai da ta yi mamaki. A rumfunan tako da yawa ba a rubuta abin da ka ci. Sai ka ƙoshi a tambaye ka nawa ka ci, ka faɗa, a yi lissafi a kan maganarka. Ni huɗu na ga Hajiya ta ci, amma ta ce a ƙirga mata biyar, saboda gurasar farko da ta ɗanɗana. Matar ta ce wannan kyauta ce, Hajiya ta ce ba ta san zancen ba. Duka abin da mu biyar muka ci bai kai kuɗin da otal ke karɓa a wanke wa mutum 'yan riguna ba, kuma har yau in aka tambaye ni abin da na ci a Meksiko, wannan nake faɗa. Na otal ɗin ko ɗanɗanonsa ban riƙe ba.

Ranar komawa Hajiya ta so ta taho da ɗanyen habanero ta kai Kano a gwada irin. Da kyar maigida ya fahimtar da ita cewa jami'an kwastan na Amurka ba sa wasa da ɗanyen kayan gona da iri, ta haƙura da kwalin garin aciyote. Muna sauka a Hustan ya kunna waya, sai ga kiran ƙanensa daga Kano ya fi goma, da saƙo cewa ya kira da gaggawa, maganar gonar gado ce, kuma kada Hajiya ta ji tukuna. Ita kuwa tana tsaye a bayansa, ta ga yadda fuskarsa ta sauya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo muku yadda aka kwashe.