Yadda ake gano ranar da aka ƙirƙiri fayil da ranar da aka gyara shi da stat

Ko mai shagon buga takardu ne a Nima, ko mai gyaran kwamfuta a Circle cikin birnin Accra, duk wanda ke ajiye aikin jama'a a kan Linux wata rana zai buƙaci ɗan sikirif, wato jerin umarni da kwamfuta ke bi da kanta, da zai ware masa sabbin fayiloli daga tsofaffi. Kada ku ɗora wannan aiki a kan `ls -l`. Da zarar fayil ya haura wata shida, ls yakan bar nuna ƙarfe nawa ya koma nuna shekara, nan take sikirif ya rikice. Umarnin da ya dace shi ne `stat`.

`stat -c %y rasit.pdf` zai ba ku lokacin da aka yi wa abin da ke cikin fayil gyara na ƙarshe. In kun sa babban baƙi, `%Y`, sai ya fito da adadin daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970, kuma da wannan ake lissafi. `%w` da `%W` su ne na ranar ƙirƙira.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne `%z`, wanda ake kira ctime. Da yawa suna ɗauka ranar ƙirƙira ce, alhali lokacin da aka taɓa bayanan fayil ɗin ne: sauya izini da chmod ko sauya mai fayil da chown kaɗai ya isa ya sauya shi.

Ita ma ranar ƙirƙirar ba kullum ake samunta ba. Linux ya samu kiran statx, wanda ke iya karanto ranar ƙirƙira, a kernel 4.11 ne a 2017, stat kuma ya fara amfani da shi a coreutils 8.31 (tarin umarnin da stat ke ciki) a 2019. A tsohuwar na'ura `%w` ɗan layi (`-`) kawai zai nuna, `%W` kuma sifili. Don haka ku tanadi mafita:

```
for f in *.pdf; do
  t=$(stat -c %W "$f")
  [ "$t" -gt 0 ] || t=$(stat -c %Y "$f")
  echo "$(date -d @"$t" +%F) $f"
done
```

Kada ku cire alamun zance daga "$f", domin sunayen fayilolin kwastomomi cike suke da tazara. Masu Mac kuwa, nasu daban ne: `stat -f %m` da `stat -f %B`.

A ganina, ko an samu ranar ƙirƙira, ba abar dogaro ba ce sosai, domin ranar da fayil ya sauka a kan wannan faifan kawai take nunawa. Takardar da aka rubuta bara, in kun kwafe ta yau daga filasha, ranar yau za ta ɗauka. `cp` ba tare da `-p` ba har lokacin gyara yake sabuntawa, shi ya sa `cp -p` ko `rsync -a` suka fi dacewa da ajiya. `sed -i` ma sabon fayil yake rubutawa ya maye gurbin tsohon, ranar ƙirƙira ta tafi ke nan. In sikirif na share tsofaffi za ku rubuta, ku jingina da lokacin gyara, kamar `find . -mtime +90`, ku fara duba jerin da ido kafin ku ƙara `-delete`.

Mu a Ghana mun huta da rikicin agogo, tunda a kan GMT muke duk shekara. Sai dai filasha mai tsarin ajiya na FAT32 agogon gari take rubutawa ba tare da ambaton yanki ba, kuma bibbiyu take ƙirga daƙiƙa, saboda haka fayil da ɗan'uwa ya kawo daga Kano zai nuna gaba da awa ɗaya. Sannan ga dumsor, wato yawan ɗaukewar wutar lantarki: in batirin CR2032 mai riƙe agogon kwamfuta ya mutu, kowace ɗaukewar wuta na iya mayar da agogo shekaru baya, duk abin da aka ajiye a lokacin ya ɗauki ranar ƙarya. Ku duba da `timedatectl`, ku kunna `timedatectl set-ntp true` don agogo ya riƙa daidaita kansa ta intanet, ku kuma sauya batirin.