Yau na sauya wa 'yar shukata tukunya

Asabar, kwana takwas bayan Babbar Sallah.

Daren jiya an yi ruwa. Ba wani mai yawa ba ne, amma ya kwantar da ƙura, ya kuma cika mini bokiti biyu a ƙarƙashin indararo. Da na fito bayan sallar asuba na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai na ce yau kam aikin nan ba zai sake kwana ba. Tun cikin azumi nake cewa zan sauya wa shukar falo tukunya, zafi ya hana ni. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, ko mutum ba ya son a taɓa shi, balle saiwa.

Shukar irin mai yaɗo ce, ganyenta kore mai ratsin ɗorawa, fasalinsa kamar zuciya. Masu fulawa suna ce mata moni filant, wai shukar kuɗi, sunanta na kimiyya kuwa Epipremnum aureum. Shekara biyu ke nan da ƙanwata ta yanko mini reshe ɗaya na dasa a robar bota, kuma har yau ko sisi ba ta kawo gidan nan ba, Abban yara ba ya gajiya da tuna mini. Amma kwanan nan ta fara nuna gajiya. In na zuba ruwa sai ya zarce ta ƙasa kamar a rariya, kafin la'asar ganye ya yi laushi. Sabon ganyen da take fitarwa bai kai rabin na da ba, ga wasu fararen jijiyoyi sun leƙo ta hudar robar.

Na riga na sayi wata ƙatuwar tukunyar ƙasa tun kafin Sallah, wadda za ta ci robar nan sau biyar. A raina na ce bari in yi mata gata gaba ɗaya, ta samu fili ta sake. Sai da na kifa ta na ga ashe ba ta da huda. Na ɗauko ƙusa da muciya. Inna, wadda ta zo mana Sallah ba ta koma ba tukuna, tana kan tabarma tana jan carbi, ta ce, "Ke 'yar nan, jiƙa ta tukuna." Na ce to, Inna, amma hannuna ya riga ya sauka. Bugu na uku tukunya ta dare gida biyu. Inna ba ta ce komai ba, carbinta kawai ta ci gaba da ja, kuma da ma faɗa ta yi mini da ya fi sauƙi.

Dole na saka hijabi na tari adaidaita zuwa wurin masu fulawa na bakin titi a Nasarawa, da robar a cinyata, yaɗon yana lilo har ƙafata. Wani dattijo na samu yana cika ledoji da ƙasa. Na nuna masa wata tukunya mai girman wadda na fasa. Ya kalli robar, ya kalle ni, ya ce, "'Yata, kina so ki kashe ta ne?" Ya ɗauko wata ƙarama ya zura robar a ciki, ratar da ta rage a gefe ba ta wuce yatsa biyu ba. Ya ce wannan ce daidai da ita. Na ce Baba, ai nan da shekara ta sake cika ta. Ya ce to nan da shekara sai ki dawo.

Bayaninsa ya shige ni. Saiwa tana shan ruwan da ke kusa da ita ne kawai. In tukunya ta yi girma, ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba sai ta yi kwanaki a jiƙe, iska ta kasa shiga, jijiyoyi su ruɓe, ganye ya yi ɗorawa. Mai shuka ya ga ganye ya yi laushi ya zaci ƙishi ne, ya ƙara ruwa, shi ke nan ya ƙarasa ta. Ya ce yawancin fulawar da ake dawo masa da ita a mace ba ƙishi ne ya kashe ta ba, ruwa ne. Wato fashewar tukunyar nan ma alheri ce, amma ban faɗa wa Inna haka ba.

Na ga moda, tsiron nan mai dogayen ganyaye kamar takobi, a wurinsa cikin tukunya mai fenti, an jera ta tare da fulawoyin waje. Da na ba Inna labari sai da ta yi dariya, ta ce a garinsu a bayan gari take fitowa ba mai kula ta, sai masu neman zaren igiya da tsirkiyar baka.

Na dawo da tukunya, da ledar ƙasar lambu, da ƙonannen buntun shinkafa. Wannan karon na ji magana, na tsoma tukunyar a baho ta yi kusan rabin awa tana fitar da 'yan kumfa, domin busasshiyar tukunyar ƙasa tana zuƙe ruwan da aka zuba wa shuka. Haɗin na auna shi da gwangwanin madara: biyu na ƙasa, ɗaya na yashi mai tsakuwa da ya rage daga gyaran katanga, ɗaya na buntu. Na nufi inda aka ɗaure ragon layya zan ɗebo kashinsa, sai ga muryar Inna: "Ɗanye ne, zai ƙona ta. Sai ya shekara." Ta aiki Auta kicin ya ɗebo gawayi, ta daddaka da kanta ta watsa a ciki. Wannan fa matar da tun zuwanta take cewa ba ta ga amfanin fulawar da ba ta fure da ganyen da ba ya shiga miya ba. Kuma da gaskiyarta ta wani gefen, don shukar nan da wuya a ga furenta.

Fitar da ita daga robar shi ne aikin. Na matsa gefe-gefe, na kifa, na bubbuga, ta ƙi. Sai da na sa almakashi na tsaga robar daga baki har gindi. Abin da na gani ya sa na yi shiru. Ƙasa kusan babu. Saiwa ce zalla, ta naɗe ta naɗe kamar taliyar da ta kwana a tukunya, ta ɗauki siffar robar har da zanen gindinta. A saman kuma wani farin ɓawo kamar kanwa, gishirin ruwan burtsatsen da muke saya wurin 'yan garuwa ne ya taru shekara biyu. Na kankare shi na zubar. Na sa yatsu na warware naɗin a hankali, ina jin wasu ƙanana suna tsinkewa, gabana yana faɗuwa. Masu lafiya farare ne, da tauri kamar zaren buhu. A can ƙasa na sami guda huɗu baƙaƙe, da na matsa ɗaya sai fatar ta saɓule a hannuna, ga wari irin na kwata. Na goge almakashi da ruwan zafi na datse su.

Daga tukunyar da na fasa na ɗauki tsingaro ɗaya na kifa a kan hudar, don kada ƙasa ta zube. Na so in jera tsakuwa a gindi kamar yadda na ga ana yi, amma Baba ya riga ya hana ni, ya ce tsakuwa ba ta sa ruwa ya fita, wurin saiwa kawai take cinyewa. Na zuba ƙasa kaɗan, na zaunar da ita daidai zurfin da take a da, na cika gefe ina bubbuga tukunyar ba tare da na danna da ƙarfi ba, na bar kamar yatsa ɗaya a baki. Sannan na ɗebo ruwan saman jiya na zuba sannu-sannu. Ya tsaya, ya nutse, can sai ya fara ɗiga ta ƙasa. Rabon da in ga ruwa ya tsaya a jikin shukar nan har na manta.

Ina wanke hannu na juyo na ga Auta da ganye ɗaya zai kai baki. Na daka masa tsawa har Inna ta firgita. Ganyen yana da wasu ƙananan ƙwayoyi masu tsini da ido ba ya gani, in an tauna baki da maƙogwaro su yi ta zafi, har su kumbura. Ni ma wuyan hannuna ya ɗan yi ƙaiƙayi inda ruwan jikinta ya taɓa. Saboda haka daga yau saman kantar falo ne mazauninta, kusa da tagar gabas, inda haske yake shiga amma rana ba ta dukanta. In duhu ya yi mata yawa ratsin ɗorawar yakan ɓace ta koma kore zalla, in rana ta yi yawa ta ƙone.

Da rana ban yi wani abin kirki ba. Babu wuta, na dafa shinkafa da sauran soyayyen nama, na kwanta.

Bayan la'asar na zauna ina kallonta. Asalinta wani tsibiri ne mai suna Moorea, kusa da Tahiti a tekun Fasifik, cikin yankin da ke ƙarƙashin Faransa. A daji tana hawa bishiya ne, ganye ɗaya ya kusa mita guda. Ga ta nan a Tarauni, ganyenta bai kai tafin hannun Auta ba, ta ci hunturu biyu, lokacin da leɓen mutum ma tsagewa yake. Ta ɗan sunkuyar da kai yanzu, Baba ya ce za ta yi haka kwana biyu zuwa mako. Ya ce kada in sa mata takin zamani sai bayan wata guda aƙalla, kuma kada in ƙara ruwa sai na tura yatsa na ji saman ƙasar ya bushe. Wannan na ƙarshen shi ne zai ba ni wahala, na san hannuna.

Wurin cire ta reshe biyu sun karye. Na ajiye su a gefe zan zubar. Bayan isha'i na shiga ɗakin Inna kai mata ruwa, sai na gan su a cikin kwalbar zuma a bakin taga, an cire ganyen ƙasa, gaɓar tana cikin ruwa daidai inda saiwa take fitowa. Na yi kamar ban gani ba. Ina juyawa ta ce, "In na tashi tafiya ki samo mini 'yar ƙaramar tukunya. Mai huda."